Malami, Ka Ba da Aiki, Ka Koma Ka Duba Kuwa?

Babu malamin da bai taɓa cewa, "Ku yi wannan aiki a gida, ku kawo ranar Litinin" ba. Faɗin haka ba shi da wuya. Wuyar tana nan ranar Litinin ɗin, sa'ad da ya kamata a karɓi littattafai, a duba, a san wanda ya yi da wanda bai yi ba. A nan ne hannun malamai da yawa yake yin sanyi. Wannan koyarwa domin dukan masu koyarwa ce a cikinmu: malaman firamare da sakandare, malaman makarantar Lahadi, masu riƙe da ajin baftisma, masu koya wa manya karatu da rubutu, da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki. Iyaye ma suna da nasu rabo a ciki.

Aikin gida alkawari ne tsakanin mutum biyu. Ɗalibi ya ɗauki nauyin yi, malami kuma ya ɗauki nauyin dubawa. Idan malami bai cika nasa ba, ba da daɗewa ba ɗalibi ma zai bar nasa.

Aikin da ba a duba ba yana koyar da wani abu

Yara suna lura da malami fiye da yadda yake tsammani. A mako na farko kusan dukan aji za su yi aikin. Idan ba a tambaya ba, a mako na biyu waɗansu za su gwada zuwa hannu wofi. Idan suka ga babu abin da ya faru, kafin wata ya ƙare sai ka tarar 'yan kaɗan ne suka rage. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaro mai himma, wanda ya zauna da fitila bayan ya gama aikace-aikacen gida, ya rubuta shafi biyu, amma ba wanda ya buɗe littafinsa. Abin da ya koya shi ne, da mai ƙoƙari da malalaci duk ɗaya ne a gaban malam, kuma babban mutum yana iya faɗin magana ba tare da ya nufe ta ba. Wannan darasi yakan daɗe a zuciya fiye da lissafin da aka so a koya masa.

Dubawa ita ce idon malami

Manomi ba ya shuka ya tafi sai kaka. Yakan koma ya ga inda ya tsira da inda bai tsira ba, ya sake shuka a gurbin, ya yi firi, ya yi maimai. Haka koyarwa take. Idan ka tambayi aji, "Kun gane?" kowa zai ce, "E, malam," domin kunya da ladabi ba za su bar yaro ya ce bai gane ba. Littafinsa ne zai faɗa maka gaskiya. Idan yara 30 cikin 45 suka yi kuskure iri ɗaya, ka san gyaran yana wajen yadda aka koyar, sai a sake darasin. Idan yara 3 ne kawai, sai ka kira su gefe ka taimake su.

A shekarar 1998, masana ilimi biyu na wata kwalejin jami'a a Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, sun tattara bincike wajen 250 a kan yadda malamai suke auna ɗalibai a cikin aji. Sun gano cewa inda malami yake duba aiki a kai a kai, yana nuna wa ɗalibi abin da zai gyara, koyo yana ƙaruwa ƙwarai, kuma ɗalibai masu rauni ne suka fi amfana. Sun kuma nuna cewa maki kaɗai ba ya wadatarwa. Rubuta "4/10" yana gaya wa yaro matsayinsa, amma ba ya nuna masa hanya. Gajeren bayani kamar "Ka manta da ɗaukar ɗaya zuwa layi na gaba" ya fi masa amfani.

Me ya sa sai an sa rana?

Dalili na farko shi ne mantuwa. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya buga sakamakon a 1885. Ya ga cewa mantuwa ta fi gudu a cikin awoyi da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa tana rage mata ƙarfi. Saboda haka aikin da aka bayar ranar Talata yana da amfani idan an yi shi cikin makon, tun darasin yana da ɗumi. Idan aka kawo shi bayan mako huɗu, an cika takarda ne kawai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wannan ya shafi malami ma: gyaran da ya dawo bayan wata guda ya tarar da kuskuren ya riga ya zauna.

Na biyu, darasi yana hawa kan darasi. Yaron da bai iya ninkawa ba zai sha wuya a rabawa. Wanda bai gama nazarin babi na ɗaya ba zai zauna shiru a tattaunawar babi na biyu. Ranar karɓar aiki ita ce take sa dukan aji su tashi tare.

Na uku, halin ɗan adam. A 1955 wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya lura cewa aiki yakan miƙe har ya cinye dukan lokacin da aka ba shi. Aikin da ba shi da ranar gamawa kuwa, kullum na gobe ne.

Na huɗu, adalci. Idan wadda ta kawo a kan lokaci da wanda ya kawo bayan kwana goma, bayan ya ga amsoshin abokansa, suka sami maki ɗaya, an zalunci ta farkon. A Nijeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, wanda malamai da ɗalibai suke kira CA. A makarantu da yawa, maki 30 ko 40 cikin 100 na sakamakon zango daga nan suke fitowa. Malamin da bai karɓi aiki ba, bai kuma rubuta maki ba, a ƙarshen zango zai ga kansa yana cika gurabe da kintace. Wannan shaidar zur ce a kan yaro, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Na biyar, rayuwar da take jiransu. Rajistar WAEC da NECO da JAMB tana da ranar rufewa. Neman aiki yana da ranar rufewa. Damina ma ba ta jiran wanda bai gyara gonarsa ba. Gara yaro ya koyi kiyaye lokaci a aji, inda hasarar maki biyu ce, da ya koye shi a waje, inda hasarar shekara guda ce.

Manya ma haka ne

Kada mu ce wannan maganar yara ce kawai. Tsarin karatun tauhidi daga gida, wato TEE, wanda aka fara a ƙasar Gwatamala a 1963 kuma ya bazu har zuwa ikkilisiyoyinmu, ya dogara ne ga ɗalibi ya yi nazari a gida cikin mako, sa'an nan a taru a tattauna. Idan jagoran aji bai duba ko an cika littafin aiki ba, taron zai koma wa'azin mutum ɗaya, sauran suna sauraro. Dattijo ba a tsawata masa a gaban jama'a, amma ana iya tambayarsa cikin girmamawa, "Baba, ina aka tsaya a wannan mako?" Tambayar kanta tana nuna masa cewa ana ɗaukar karatunsa da muhimmanci.

Tsayawa a kan rana ba mugunta ba ce

Akwai yaron da bai yi aiki ba saboda wasa. Akwai kuma yarinyar da ta yi talla har dare, da wanda yake jinyar uwarsa, da wanda iyalinsa suka bar garinsu saboda tashin hankali suna zaune a gidan dangi, da wanda ba shi da fitila ko littafin rubutu. Malamin da yake bin sawu shi ne zai iya bambanta su. Wanda ba ya tambaya ba zai taɓa sani ba. Saboda haka a tambayi dalili kafin a yanke hukunci. Inda akwai uzuri na gaskiya, a ba da sabuwar rana, a faɗe ta sarai, a kuma tsaya a kanta. Inda babu uzuri, hukuncin ya zama wanda zai sa a yi aikin, kamar zama a gama shi lokacin tara ko rage maki kaɗan. Bulala da kunyatarwa sukan haifar da kwafe aikin wani, ko gudun makaranta gaba ɗaya.

Yadda za a yi a aji mai yawa

1. Ka ba da abin da za ka iya dubawa. Ɗalibai 60, minti 3 ga kowane littafi, awa 3 ke nan. Tambayoyi 5 da aka duba sun fi 20 da aka manta da su. Malamai da yawa a Amurka suna bin ƙa'idar minti 10 ga kowane aji a dare ɗaya: aji ɗaya minti 10, aji shida minti 60, dukan darussa a haɗe.
2. Ka rubuta aikin da ranar karɓarsa a allo, su ma su rubuta a littafinsu.
3. Ka riƙe rajista mai sauƙi: suna, rana, da alamar ya yi ko bai yi ba.
4. Ba kowane aiki ne sai ka kai gida ba. Wani a yi musayar littattafai a gyara tare a allo, kai kuma ka zagaya kana gani.
5. Ka mayar da littattafai cikin mako guda. Ranar da ka sa wa kanka tana da nauyi kamar wadda ka sa musu.
6. Idan yaro ya kasa kawowa sau uku a jere, ka nemi iyayensa tun abin bai yi nisa ba.

Iyaye, ko ba ku iya karatu ba, kuna iya cewa, "Nuna mini abin da aka ba ka yau, da inda malam ya sa hannu." Shugabannin makarantu kuma su riƙa duba littattafan ɗalibai lokaci-lokaci, su kuma lura kada a ɗora wa malami ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa.

'Yan'uwa malamai, kafin ku sake ba da wani aiki, kowa ya tambayi kansa: wace rana zan karɓa, kuma yaushe zan zauna in duba? Idan babu amsa, a rage aikin har ya zama wanda za a iya bi. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da suke gabanmu kuwa suna koyon cika alkawari ne daga yadda muke cika namu. Allah ya ba mu hikima da haƙuri.