Yaya Kwamfuta Ke Zana Hanya Da Gada?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Gwarzo, manomi kuma mai fataucin hatsi, ya rubuto yana cewa yakan ga masu awo suna kafa turaku a gefen hanyar Kano zuwa Gwarzo, in an tambaye su sai su ce kwamfuta ce za ta zana aikin. Yana son sanin yadda na'urar da ke ajiye a ofis za ta san tudu da kwarin ƙasarsu.

AMSA: A gaskiya kwamfuta ba ta san ƙasarku ba sai abin da aka gaya mata. Bari mu ɗauko bayanin daga tushe.

Kafin a gina hanya ko gada ko madatsar ruwa, tilas injiniya ya zana ta tukuna, ya nuna tsawo da faɗi da zurfin kowane sashe. A da, da fensir da rula ake yi a kan babban tebur. In aka sauya abu guda, sai a goge ko a sake sabuwar takarda, a sake lissafi daga farko. A zamanin irin wannan zane ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974.

A 1963 wani ɗalibi a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna cewa ana iya yin zane a fuskar kwamfuta. A 1982 kamfanin Autodesk ya fito da manhajar AutoCAD, wadda ke aiki a ƙaramar kwamfuta ta tebur. Abin ya yi ta bunƙasa har aka zana jirgin sama samfurin Boeing 777 baki ɗaya a kwamfuta, ya kuwa fara tashi a 1994. In ka taɓa ganin aikin kwamfuta a wuyan riga, to ka ga ɗan'uwan abin da muke magana a kai, watau a tsara zane a na'ura kafin a taɓa yadi.

Ga yadda ake yi wajen hanya. Safiyo zai bi ƙasa yana auna tudu da gangare, turakun da ka gani shaidar awonsa ce. Sai a zuba alƙaluman a kwamfuta, ita kuma ta fito da siffar ƙasar kamar ka hau dutse kana hangenta. A nan injiniya zai ja layin hanya, ya ga inda za a yanke tudu da inda za a cike kwari. Alal misali, a ce za a yi cikon santimita 30 a kan hanya mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 10. Ƙasar da za a buƙata ita ce lodi 300 na tifar da ke ɗaukar mita 10 na awon cika. In aka kautar da layin kaɗan, nan take na'urar za ta sake lissafin. Haka take ƙidaya siminti da rodi da tsakuwa, daga nan ake fitar da kuɗin kwangila.

Ga masu noman rani kusa da madatsun ruwa irin su Guzuguzu a ƙasar Kabo, ko Challawa da ke maƙwabtaka da ku a Ƙaraye wadda aka gama a 1992, batun gangare shi ne gaba da komai. In magudanar ruwa ta cika gangara, ruwa zai cinye ƙasa. In ta yi kwance, ruwa ya tsaya, kachalla da laka su toshe ta, na ƙarshen layi su rasa ruwa. A ce ana son gangaren mita 1 a kowane mita 1,000, to magudana mai tsawon mita 500 za ta sauka da santimita 50 kacal. Ido ba ya ganin wannan bambanci, amma zane yana nuna shi tun ba a haƙa ba.

Haka nan ana zana kayan gyaran injin niƙa da injin casa da na ban ruwa. In awo ya fito daidai, maƙeri ko mai walda zai ƙera ƙarfen da zai shiga gurbinsa ba sai an yi ta daddatsa ba. Ana koyar da wannan ilmi a sassan aikin injiniya, kamar na Jami'ar Bayero da ke kan hanyar taku ta Gwarzo.

Amma fa a lura, abin da aka shuka shi ke tsirowa. In aka ba kwamfuta awon da ba daidai ba, za ta fito da zane mai kyan gani wanda ba zai tsaya a ƙasa ba. Ruwa kuwa ba ya yafiya. Dattawa ba su manta da fashewar madatsar Bagauda ba a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa. Girman kwalbati ma daga yawan ruwan da ake tsammani ake fitar da shi. In an yi shi ƙarami, ruwa zai koma gonaki ko ya yanke hanya, buhunan masara su kwana a gari ranar kasuwa.

Saboda haka, in masu awo suka zo, kada ka tsaya daga nesa. Ku haɗu da mai unguwa ko dagaci ku nuna musu inda ruwa ke kaiwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi, da inda rafi ya taɓa sauya hanya, da burtalin shanu, da maƙabarta. Kada kowa ya tuge turke ko ya matsar da shi, domin yin haka na iya karkatar da aikin ya faɗa gonar wani. In hanya za ta ci gonarka, ka nemi a nuna maka iyakarta a taswira, ka rubuta faɗin abin da aka ɗiba da itatuwan da ke ciki, don lokacin maganar diyya.