KIWON KAJI A BAYAN GIDA A SHARAƊA, CHALLAWA DA BOMPAI: ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN KA SAYO 'YAN TSAKI



Yau maganarmu da mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da kamfanoni ne, wato Sharaɗa, Challawa da Bompai. Da yawanku ma'aikata ne ko matan ma'aikata, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga ɗan fili a bayan ɗaki, sai mutum ya ce bari in zuba kaji hamsin. Shawara ce mai kyau. Amma kiwo a cikin gari, musamman kusa da masana'antu, yana da nasa sharuɗɗa, kuma wanda bai san su ba da kuɗinsa zai koya.

Bari mu fara da abin da ya faru a nan kusa da mu. A watan Disamba na 2024 wani matashi a ƙaramar hukumar Gwale ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza, ya kawo gida ya haɗa ta da kajinsa da zabinsa. Ba a daɗe ba suka fara wahalar numfashi, 35 cikin 50 suka mutu. Da aka kai samfur asibitin dabbobi na Gwale aka yi gwaji, a watan Janairu na 2025 aka tabbatar murar tsuntsaye ce. Agwagwa ɗaya tak. Ku riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

1. AUNA FILINKA KAFIN KA ƘIRGA KAJI

Kuskuren farko shi ne mutum ya sayo 'yan tsaki sannan ya fara tunanin inda zai sa su. Ɗan tsako na kwana ɗaya tafin hannu ya ishe shi, amma bayan sati shida ya haura kilo biyu. A zafi irin na Kano kada ka wuce buroila 8 a kowace murabba'in mita, masu ƙwai kuma 5 idan a ƙasa za su zauna. Ke nan ɗaki mai mita 2 a faɗi, mita 3 a tsawo, zai ɗauki buroila 48, ko masu ƙwai 30. Ka cusa ɗari a wannan ɗakin, za ka ga suna tsattsagar juna, ƙasa ta jiƙe, girma ya tsaya.

Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don rana ta bi ta saman rufi, kada ta riƙa shiga ta gefe. Ginin bulo ya tsaya iya gwiwa, sauran a sa waya mai ƙananan ido har sama, yadda iska za ta ratsa amma ɓera da tsuntsayen waje ba za su shiga ba. Rufin ya yi tsawo, a bar masa baki ya zubo saboda feshin ruwan sama. Idan kwano ne, shimfiɗa zana ko karan dawa a kansa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafi. Babbar buroila a ƙarƙashin kwano tsirara da ƙarfe biyu na rana, sai dai ka zo ka kwashi gawa.

Kada ka jingina ɗakin da katangar maƙwabci ko ƙarƙashin tagarsa, kuma ka nisanta shi da rijiya da madafa.

2. RUWA: NAN NE MATSALAR UNGUWANNINMU

Wannan shi ne ya bambanta ku da mai kiwo a Bichi ko Rano. Sharaɗa da Challawa suna da kamfanonin jima da masaƙu, kuma ruwan da suke fitarwa yana bin magudanai da rafin Salanta ya ƙare a kogin Challawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyam da gishiri da sauran guba. Kaza ta sha, ba lallai ta faɗi nan take ba, amma irin waɗannan sinadarai suna taruwa a hanta da ƙoda, ga shi kai da iyalinka da kwastomominka ne za ku ci.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwan da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka ba kajinka. Kada a ɗebo daga kwata, kududdufi ko rafi, ko da na wanke mazubi ne. Rijiya mara zurfi da ke kusa da magudanar kamfani abar tuhuma ce, musamman idan ruwan yana da kala ko wari. Ruwan famfo ko na burtsatse mai kyau shi ne mafita. Idan daga 'yan garuwa kake saye, tambayi inda suke ɗebowa. Kuma kada ka sayi jarka ko duro da aka zuba kemikal a kamfani ka mayar da shi mazubin ruwan kaji, komai arharsa.

Saboda wannan dalilin ne ma muke ba mazauna waɗannan unguwanni shawarar kulle kaji, har da na Hausa. Kazar da ke yawo tana tonon bola tana shan ruwan lambatu, ba ka san me ta kwaso ba.

Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na abincin da take ci, da zafi ya fi haka. Wanke mazubi kullum da safe, a canza ruwa da rana idan ya ɗumama.

3. SHIMFIƊA DA SHARA

Dusar katako mai fale-fale ita ce ta fi, ana samunta a wurin masu yankan katako irin na Na'ibawa. Buntun shinkafa ma yana yi, kuma kamfanonin shinkafa sun yi yawa a Kano yanzu. A guji garin katako mai laushi ga ƙananan tsaki, suna cinye shi ya toshe musu ciki. Kaurin shimfiɗa ya kai santimita 5 zuwa 10, wato kamar tsawon yatsa.

Yadda za ka gane lafiyarta: damƙi kaɗan a hannu ka saki. In ta warwatse, lafiya lau. In ta dunƙule kamar tuwo, ta jiƙe, a kwashe wurin a zuba sabuwa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gidan cutar kashin jini, kuma ita ke fitar da iskar ammoniya. Tsuguna daidai tsayin kajin ka shaƙa. Idan idonka ya yi yaji, to su da suke kwana a ciki sun daɗe suna shan wahala, daga nan mura da tari suke farawa. Wannan warin dai shi ne yake kai ka gaban mai unguwa.

Motsa shimfiɗar duk bayan kwana biyu ko uku. Ƙarƙashin mazubin ruwa ne ya fi jiƙewa, ɗaga mazubin daidai gadon bayan kazar. Idan ka sayar da zubi ɗaya, kwashe komai, wanke da omo, fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, bar ɗakin ya huta sati biyu kafin sabbi su shigo. Masu gaggawar zuba sabbi washegari su ne masu cewa zubin farko ya yi kyau, na biyu ya ƙi.

Kashin kaji kuwa kuɗi ne. Busar da shi, ɗura a buhu, manoma da masu lambu suna nema, balle yanzu da takin zamani ya yi tsada.

4. LISSAFIN ABINCI

Buroila ɗaya tana cin kusan kilo 4 da rabi kafin ta isa sayarwa a sati 6 zuwa 7. Guda 50 ke nan kilo 225, wato buhu 9 na kilo 25. Mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, don haka guda 30 za su cinye buhu ɗaya a sati, kuma ba za ka ga ƙwai ba sai sun kai sati 18 zuwa 20. Je kasuwa ka ji kuɗin buhu yau, ka ninka. Idan ba ka da kuɗin buhu tara a hannu ko a tabbace, sayi tsaki 25. Abinci ne ke cinye mafi yawan jarin kiwon kaji, kuma buroilar da aka yi wa ƙwauron abinci a sati na huɗu ba ta dawowa daidai.

Masu haɗa nasu suna da sauƙin samun dusar alkama tunda akwai kamfanin fulawa a Bompai, ga masara da waken suya a Dawanau. Amma dusa kaɗai ba abinci ba ce, cika ciki ce. Kuma duk masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna a zubar, gubarsa tana lalata hanta. Ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Wanda yake son mai juriya ya duba noila, ko Shika Brown mai ƙwai wadda cibiyar NAPRI ta Shika, Zariya, ta samar don yanayinmu.

5. ƊUMI DA RIGAKAFI

Satin farko tsaki suna son zafin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk sati. Ba ka da ma'auni? Kalle su. Sun cure a jikin wuta, sanyi suke ji. Sun gudu bango suna haki, zafi ya yi yawa. Sun bazu suna ci suna sha, daidai ne. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, yawancinmu gawayi muke sawa. A hura shi a waje sai ya daina hayaƙi, kuma ko da hunturu ne a bar kafar iska a sama. Rufe ɗaki ruf da leda da gawayi a ciki yana kashe tsaki a dare ɗaya.

Jadawalin da da yawa suke bi: Gumboro a kwana 7 zuwa 10, Lasota a kwana 14, Gumboro na biyu a kwana 21, Lasota na biyu a kwana 28. Tambayi wanda ya sayar maka da tsakin ko likitan dabbobi, domin jadawali yana ɗan bambanta. Rigakafi a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, a cire musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan da ba shi da kulorin, su shanye cikin awa biyu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin waɗannan rigakafin a nan gida. Kuma rigakafi na mai lafiya ne, ba a ba kazar da ta riga ta kwanta.

Idan ka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, karanta kwanakin jira da ke jikin takardar kafin ka yanka ko ka sayar da ƙwai.

6. DOKA DA HAƘƘIN MAƘWABTA

Na farko, idan haya kake, nemi yardar mai gida da sauran 'yan haya kafin ka kafa ko ƙusa ɗaya. Idan gini na dindindin za ka yi, ko za ka mayar da fili gidan gona, wannan hurumin hukumar tsara birane ta KNUPDA ne, je ka tambaya tun kafin ka sayi bulo. Kada ka kafa keji a kan titi, a kan magudanar ruwa ko a jikin katangar kamfani.

Na biyu, duba-gari suna da ikon shiga gida su duba tsafta. Wari, ƙudaje da ruwan wanke keji da ke gangarowa lungu duk abin da za a iya kama ka da shi ne. Ranar Asabar ta ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, kuma ana fitowa da kotun tafi-da-gidanka. Kada ka zuba kashin kaji ko gashinsu a kwata. Shara ta tafi inda hukumar REMASAB take kwashewa.

Na uku, mushe. Ba a jefa shi a bola, ba a ba kare, ba a sayar wa kowa. Haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ka binne, ko ka ƙone.

Na huɗu, mu koma kan agwagwar Janguza. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a nan. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta shigo Kano, ta sake dawowa a 2015. Agwagi suna iya ɗaukar cutar ba tare da sun nuna alama ba. Don haka duk tsuntsun da ka sayo a kasuwa, ware shi aƙalla sati biyu a wani wuri daban. Kada ka haɗa kaji da agwagi, zabi ko tattabaru a ɗaki ɗaya. Ajiye takalmi na musamman a ƙofar keji, da roba mai ruwan magani. Dillali ya tsaya a waje, kai ka fito masa da kajin, domin daga wani kejin yake.

Idan ka ga kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, tukku ya yi baƙi-baƙi, ƙafa ta yi ja kamar jini ya kwanta, to cuta ce da doka ta wajabta a sanar da hukuma. Garzaya asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Kada ka yi abin da wasu suke yi, su kwashi sauran da dare su kai kasuwa a karya farashi. Asararka ce kake raba wa mutane, kuma cutar tana iya kama ɗan Adam. Matashin Gwale ya yi abin da ya dace da ya kai rahoto.

Daga ƙarshe, maƙwabci. Sanar da shi kafin ka fara. Idan ya yi ƙorafin wari, kada ka ce hassada ce, shiga kejin ka tsuguna ka shaƙa. Ranar da ka fara kwasar ƙwai, aika masa da 'yan kaɗan. Shi ne zai leƙa maka su ranar da kake wurin aiki, kuma sau da yawa shi ne kwastoman farko.

Fara da kaɗan, rubuta duk abin da ka kashe a littafi, zubi biyu ko uku za su koya maka abin da ba mu faɗa ba. Mai tambaya ya yi, za mu amsa gwargwadon sani.

Allah Ya sa albarka a kiwo, Ya tsare mu da asara.