Faransancin da Bakano ke buƙata idan ya tsallaka iyaka

Ƙasashe huɗu ne suka kewaye Najeriya, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma a dukkansu Faransanci ne ke kan gaba a ofis da takardun hukuma. Mutumin Kano kuwa ba baƙon waɗannan wurare ba ne. Robobi da silifa da tabarmin leda da alewar da ake yi a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da yawansu a can ake ƙarar da su. Manyan motocin da ke kwana a gefen titin Maiduguri ta wajen Hotoro, wasu Gamborun Ngala suka nufa, daga nan sai Kusiri da Injamena. Wasu ta Daura za su bi su faɗa Damagaram, wasu kuma Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, sai Maraɗi. Ga hajiyoyin da ke sarin atamfa a Kwatano da Lome, ga masu zuwa biki ko gaisuwar mutuwa, ga 'yan makaranta.

In ka ce wa ɗayansu ya koyi Faransanci, amsar da za ka ji ita ce, "Ai da Hausa ma sai ka ci kasuwa." Gaskiyarsa. A Maraɗi da Damagaram kana gida ne, har ma a shekarar 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. A Zangon Kwatano ko unguwar Birketiri ta Yawunde ma ba za ka rasa mai amsa maka sallama ba. Sai dai Hausar tana raka ka ne har bakin teburi, daga nan ta tsaya. Jandarman da ya tare motarku wataƙila Bazabarme ne daga Doso, fam ɗin da za a miƙo maka da Faransanci aka buga shi, mai kantin magani a Lome kuma bai san "ciwon mara" ba. Don haka ni a ganina littattafan da ake rubuta wa 'yan yawon buɗe ido, masu koya maka yadda za ka yabi abinci ko ka tambayi gidan tarihi, sun fara ta inda ba nan gizo ke saƙar ba. Bakano Faransancin shinge yake buƙata, da na kuɗi, da na asibiti.

Gaisuwa ba ta da wuya. "Bonjour" (bonjur) da safe, "bonsoir" (bonsuwar) da yamma, kuma a ƙasashen nan da zarar rana ta karkata an koma ta biyun. Kada ka tambayi kowa komai kafin ka gaishe shi. A nan ɗabi'arsu da tamu ɗaya ce, har a Faris. Yadda muke ce wa babba "ku", haka su ma suke da "vous" (vu), ita za ka riƙe ga duk wanda ba ka sani ba. Mai kaki kuwa, komai ƙanƙantar muƙaminsa, "chef" (shef) ake ce masa. Ka haɗa da "s'il vous plaît" (silvuple), wato don Allah, da "merci" (mersi), na gode, da "pardon" in ka taka wani.

Amma gaisuwa mai kyau tana da nata tarkon. Kana faɗin "bonjour, chef" da ƙwarewa, sai ya ɗauka ɗan gari ne, ya kwararo maka zance. A nan ne mutanenmu ke yin kuskure mafi tsada: sai su yi ta gyaɗa kai suna "oui, oui" (wi, wi), wato e, e, alhali ba su san me suka amsa ba. Mai yiwuwa tambayar ita ce ko akwai kayan da ba a biya wa fito ba a motar. Jimla uku ke fid da kai: "Je n'ai pas compris" (je ne pa kompri), ban gane ba, "doucement" (dusma), a hankali, da "Vous parlez haoussa?" (vu parle awusa), kuna jin Hausa? Ta ukun ta fi aiki fiye da yadda ake zato, domin ko shi bai ji ba, da wuya a rasa mai ji a kusa.

A kan iyaka, kunne ya fi baki amfani, tunda tambayoyin ba sa canzawa. In ka ji "les pièces" (le piyes) ko "vos papiers" (vo papiye), takardu ake nema: fasfo ko katin shaida, da "carnet de vaccination", katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara. "Vous allez où?" (vuzale u), ina za ka, amsa "Je vais à Maradi" (je ve a Maradi). "Vous venez d'où?" (vu vene du), daga ina. "Combien de jours?" (kombiyen de jur), kwana nawa. Dalilin tafiya kalma ɗaya ta wadatar: "commerce" (komers) ga ɗan kasuwa, "visite" (vizit) ga mai ziyara, "mariage" (mariyaj) ga mai zuwa biki. Akwai wani wuri mai santsi. Ɗan Najeriya "Nigérian" ne, ɗan Nijar "Nigérien", harafi ɗaya ya raba su, kuma bambancin furucin a hanci yake, harshen Bahaushe ba ya fitar da shi da sauƙi. Ka huta da wannan, ka ce "Je viens du Nigeria" (je viyen du Nijeriya), daga Najeriya nake.

Fam ɗin shiga, ko na masauki, shi ma sai an lura. "Nom" sunan mahaifi ko na dangi ne, wanda ke matsayin sunan ƙarshe a fasfonka, "prénom" kuma sunanka na yanka. Da yawa kan juya su, sai takardar otal ta saɓa da fasfo, ƙaramin abu ya zama dogon zance a shinge na gaba. "Date de naissance" ranar haihuwa, "lieu de naissance" garin haihuwa. In an ce ka biya wani abu, ka nemi "reçu" (resu), wato rasit. Ba kullum za a ba ka ba, amma tambayar kaɗai takan rage kuɗin. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba, ko da mota za ta tafi ta bar ka.

Direba yana da ƙarin nasa: "permis" (permi) lasin, "carte grise" (kart giriz) takardar mallakar mota, "assurance" (asurans) inshora, "douane" (duwan) kwastan. A gidan mai ya kiyaye, domin "pétrole" a can kananzir ne. Fetur "essence" (esans) ake ce masa, man dizal kuma "gasoil" (gazwal). In mota ta lalace, "panne" (pan) ce.

Yanzu ga inda ya kamata a fi ɓata lokaci, wato lissafi. Ƙirgen Faransanci lafiya lau yake tafiya har sittin da tara, daga nan sai ya koma jarrabawa. Saba'in "soixante-dix" ce, sittin da goma. Tamanin "quatre-vingts", ashirin sau huɗu. Casa'in da biyar "quatre-vingt-quinze", ashirin huɗu da sha biyar. Sai ka haɗa da cewa lambar waya bibbiyu suke karanta ta, ka ga mai rubutawa ya fara sa 4, ya sa 20, kafin ya farga 80 ake nufi. A ciniki kuma akwai lambobin da ke ruɗa kunne: "cinq mille" dubu biyar, "cent mille" dubu ɗari, "quinze mille" dubu sha biyar. A cikin hayaniyar kasuwar Dantokpa ta Kwatano, baƙo ba zai rantse da wanda ya ji ba. Maganin a aljihunka yake. Bayan "C'est combien?" (se kombiyen), nawa ne, ka miƙa wayarka ka ce "Écrivez" (ekrive), rubuta. Lamba ba ta da yare. In ya rubuta, ka ce "C'est trop cher" (se tro sher), ya yi tsada, ka nemi "dernier prix" (derniye pri), farashin gaskiya, ka rubuta naka tayin a ƙasa. Za ka yawaita jin "pas de monnaie" (pa de mone), babu canji, don haka kada ka fita da takardun dubu goma-goma kaɗai.

Abin dariyar shi ne, a Nijar Hausar ma sai ta fi Faransancin ruɗa Bakano. Can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In mai tsire a Maraɗi ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi, "hamsin" 250, "jika" kuma 1,000. Ka miƙa masa ƙwandalar da aka rubuta 100 a jikinta, sai ya dube ka ya ce wannan ai ashirin ce. Duk lokacin da aka faɗa maka farashi da Hausa, ka ninka biyar. Da Faransanci kuwa abin da aka faɗa shi ne a jikin kuɗin. Sannan sefar ma iri biyu ce: ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Chadi da Kamaru daban. Darajarsu ɗaya, euro guda sefa 655.957, amma ba a kashe ta nan a can sai an canza.

Rashin lafiya a ƙasar da ba ka jin yarenta ba daɗi. Kantin magani "pharmacie" (farmasi) ne, wanda ke buɗe da dare ko ranar Lahadi kuma "pharmacie de garde". Ka ce "J'ai mal ici" (je mal isi), nan ke mini ciwo, ka nuna da yatsa. Zazzaɓin cizon sauro "palu" ne a bakin kowa, hawan jini "tension" (tansiyon), ciwon suga "diabète" (diyabet). A kan kwalin magani za ka ga "matin, midi, soir", safe, rana, dare. Mai shan magani kullum ya tafi da kwalinsa, saboda sunan da ake sayar da shi a Kano ba lallai ne ya zama shi ne na Duwala ba, amma mai kanti zai gane sinadarin da ke rubuce.

Abinci a Nijar ba abin damuwa ba ne. Daga Kwatano zuwa Abijan ne Musulmi zai buɗe ido: "porc" (por) naman alade, kuma "jambon" da "lardons" duk daga jikinsa suke sai in an rubuta akasin haka. Ka ce "sans porc" (san por), ban da alade, "sans alcool" (sanzalkol), ban da giya. Masallaci kuwa, "Où est la mosquée?" (u e la moske). In ɗan acaɓa ne zai kai ka, wanda a Kwatano ake kira zem, ka bambanta "à droite" (a durwat), dama, da "tout droit" (tu durwa), miƙe sak. Hagu "à gauche" (a gosh). Lokacin tashin mota ma a tikiti da awa ashirin da huɗu ake rubuta shi, 14h ƙarfe biyun rana ne, kuma Togo da Kwaddibuwa suna bayanmu da awa ɗaya.

Duk abin da na zayyana ba shi da yawa, mako biyu ya ishi mutum ya haddace. Furucin da na sa a baka kusantarwa ce kawai, domin akwai sautukan Faransanci da haruffanmu ba sa kamawa. Malami kuwa ba sai an je nesa ba. Akwai cibiyar Alliance Française a Kano ga mai son karatu sosai, kuma a garejin manyan motoci na Hotoro ko kasuwar Dawanau ba a rasa ɗan Nijar da ya yi lakwal, wato makarantar boko. Ka sa shi ya riƙa faɗo maka lambobi daga sittin zuwa ɗari da sauri, kai kuma kana rubutawa.