Me ya sa hoton wasa ke yin dishi-dishi a burauza?

Wasa yakan fara da hoto tangaran, amma da zarar mota ta ɗauki gudu ko faɗa ya kaure a allo, sai komai ya koma dishi-dishi. Masu buga wasa ta burauza da dama kan ɗora wa kwamfutarsu laifi, har su fara shirin sayen sabuwa. Galibi ba a nan gizo ke saƙa ba.

A tsare-tsare irin su Xbox Cloud Gaming na Microsoft da GeForce NOW na Nvidia, wasan ba a kwamfutar mai bugawa yake gudana ba. A manyan na'urorin kamfanin yake gudana, sai a matse hotonsa a turo shi tamkar bidiyon kai tsaye. YouTube kan tara bidiyo a gaba kafin mai kallo ya iso wurin, amma wasa ba shi da wannan sarari, domin duk maɓallin da aka danna dole sakamakonsa ya bayyana nan take. Saboda haka idan layi ya yi rauni, tsarin kan rage ingancin hoto da gangan don kada wasan ya tsaya.

Shi ya sa ake fara bincike daga intanet. Nvidia na buƙatar megabit 15 a daƙiƙa don hoton 720p, da megabit 25 don 1080p. Microsoft kuwa na ba da shawarar megabit 20 ga kwamfuta. Sai dai layi mai hawa da sauka kan ɓata hoto ko da adadin ya kai. Haɗa kwamfuta da kebul ya fi Wi-Fi, in kuma babu hali, zangon 5GHz ya fi na 2.4GHz ƙarancin cunkoso. Kashe VPN da dakatar da sauke manyan fayiloli a gidan su ma kan taimaka.

Mataki na biyu shi ne burauzar kanta. A sabunta ta, a rufe shafukan da ba a buƙata, a kuma tabbatar an kunna saitin da ke ba ta damar amfani da katin hoto wajen warware bidiyo. A Edge akwai Clarity Boost, wanda ke ƙara wa hoton wasannin Xbox kaifi. A GeForce NOW kuma a duba ko an bar shi a yanayin tsimin data.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa, wato nisa. Nvidia na son jinkirin saƙo tsakanin mai wasa da cibiyarta ya gaza milisakan 80, kuma wanda ke nesa da cibiyoyin zai sha wuya kafin ya samu hakan.

Hoto mai kyau kuma yana da tsada. Megabit 25 a daƙiƙa na cinye sama da gigabait 11 a awa guda. Ga mai sayen data da ƙididdiga, tsayawa a 720p da ba ya rawa ya fi neman 1080p da layinsa ba zai iya ɗauka ba.