Matasan Sabon Tasha da Rabon Ayyukan Gwamnati

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen Yuli, tashar motar Kachia da Kafanchan da ke Sabon Tasha takan cika da sababbin fuskoki. Wannan na tallan masara, wancan na dako, wani ya karɓi Keke Napep na yayansa yana haɗa kuɗin makarantar Satumba. A ƙauyukan Kachia da Jaba kuwa, ƙwadagon gonar citta ne ke rufa wa ɗalibi asiri, har cutar da ta afka wa cittar a daminar 2023 ta rage wannan hanya. Yaran nan ba sa gudun aiki. Aikin da za a biya su hakkinsu ne ya yi ƙaranci.

Gwamnati ta sha gwadawa. Tun 1973 hukumar ITF ta kafa shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, amma alawus ɗinsa ya daɗe a naira 2,500 a wata, abin da ba ya isa kuɗin mota. Ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zirga-zirgar wata shida daga aljihun iyayensa. Shirin N-Power ya zo a 2016 da naira 30,000 ga masu digiri da NCE, aka dakatar da shi a Oktoban 2023, matasa da dama na bin bashin watanni.

Wanda ya fi kama da aikin hutu shi ne shirin ayyuka 774,000 da aka ƙaddamar a Janairun 2021: mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata, har wata uku. A ido rabon ya yi daidai. Amma a duba ƙidayar 2006. Chikun, inda Sabon Tasha take, tana da mutum sama da 370,000, Jaba kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma yawan gurabe ɗaya aka ba su. Ke nan damar matashin Sabon Tasha ba ta kai rabin ta takwaransa na Jaba ba. Ba ina cewa a rage wa Jaba ba ne, ita ma kasonta bai ishe ta ba. Ina cewa kuɗi ya bi yawan matasa marasa galihu, ba yawan sakatariya ba.

Sai batun wa ke rubuta sunaye. A 2020, tun kafin a fara aikin, minista Festus Keyamo da 'yan Majalisar Tarayya suka yi cacar baki a bainar jama'a kan kwamitocin zaɓen masu cin gajiyar shirin. Duk inda gurbi ya zama kason ɗan siyasa, wanda ba shi da uwa a gindin murhu shi ne zai tashi a tutar babu. A Kudancin Kaduna kuma, inda ake karanta jerin sunaye ana lissafin addini da ƙabila, rabon da aka yi a ɗaki yakan bar tabon da ya fi kuɗin daɗewa.

Akwai mafita mai sauƙi. Birnin New York na Amurka yana ɗaukar matasa aikin hutu tun 1963, kuma galibin guraben ƙuri'a ake jefawa a kansu. A Chicago, binciken da Sara Heller ta wallafa a 2014 ya nuna kama matasan da suka samu irin wannan aiki kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari a wata goma sha shida. Aikin mako takwas ne kacal.

Kirana ga gwamnatin Kaduna da shugabannin ƙananan hukumomin Chikun, Kachia, Jaba da Jema'a shi ne su sa aikin dogon hutu cikin kasafin kuɗi: yashe magudanai, dashen itatuwa, koyar da ƙananan yara karatu. A yi rajista a mazaɓu, ba a intanet kaɗai ba, a jefa ƙuri'a gaban limami da fasto da mai unguwa, a kuma biya yaran kafin a koma makaranta a Satumba.