Tsohuwar Taswira da Wayar Hannu: Yadda A Ke Juya Lambobin Wuri

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan lambobin nan da a ke rubutawa a takardar fili, ko a rahoton rijiyar burtsatse, domin a nuna inda wuri ya ke. Yanzu samari da yawa suna da waya mai nuna wa mutum lambar inda ya tsaya. Saboda haka a ke tsammani in an ɗauko lamba daga tsohuwar takarda, aka buga ta cikin waya, za ta kai mutum daidai kan wurin. Ba haka ba ne. A ƙasarmu nan tana iya kauce da mutum wajen mita 140, alhali takardar ba ta yi ƙarya ba, wayar kuma lafiyarta lau.

Wani zai ce mita 140 ai ba nisa ba ne. A yashi irin na wajen Babura watakila a sami ruwa duk da haka. Amma ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa a kan dutse ta ke zaune, ruwan kuwa yana cikin tsagar dutsen ne da inda ya ruɓe. Masu gwajin ruwa su kan nuna wuri guda su ce a haƙa nan. In aka matsa taki ɗari, sai injin ya ci dutse har ya gaji, kuɗin da jama'a suka tara shekara biyu ya tafi cikin busasshen rami. Haka kuma batun iyakar gona. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 19 aya 14, ya hana mutum kawar da iyakar maƙwabcinsa, to, ga shi yanzu mutum yana iya kawar da ita da waya a hannu, bai ma san ya yi ba.

Ga inda bambancin ya fito. Duniya ba ƙwallo ba ce sosai, ta ɗan baje a tsakiya kamar kabewa. Kafin masu safiyo su ba kowane wuri lamba, sai sun zaɓi wata siffa ta lissafi mai kama da duniya, sa'an nan su kafa ta a wani wuri sananne. Siffar da inda aka kafa ta, su ne mu ke kira tushen awo. A zamanin Turawa an zaɓi wani turke kusa da Minna, mai lamba L40, aka ɗauki siffar da wani Bature na Ingila mai suna Clarke ya lasafta a 1880. Taswirorin safiyo na Nijeriya na dā, da takardun filaye masu yawa, a kan tushen Minna aka yi su. Rijiyoyin da hukumar KNARDA ta haƙa a shekarun 1980, tun muna cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, an yi su ne lokacin da ba na'urar tauraro a hannun ma'aikata, don haka lambobin wancan zamani daga irin waɗannan taswirori a kan samo su. Wayar hannu kuwa da wani tushe dabam ta ke aiki, mai suna WGS 84, wanda sojojin Amurka suka kafa domin taurarinsu na GPS. Cibiyarsa a tsakiyar duniya ta ke. Daga cibiya zuwa ƙugun duniya, siffar Clarke ta fi ta WGS 84 da mita 112, cibiyoyin biyu kuma ba wuri ɗaya su ke ba.

Mun yi lissafin abin da wannan ya ke jawowa a Kazaure, wadda ta ke wajen digiri 12 da minti 39 arewa, digiri 8 da minti 25 gabas. In lambar da ke takarda ta digiri ce, aka buga ta Minna cikin waya ba a juya ba, mutum zai tsaya wajen mita 80 gabas da wurin gaskiya, kaucewar kudu da arewa kuwa ba ta kai mita 10 ba. Amma in lambar ta mita ce, irin wadda a ke kira UTM, sai ya tsaya mita 80 gabas, kuma kusan mita 120 kudu. Haɗe, shi ne 140 ɗin da muka faɗa. Dalilin ƙarin shi ne, lambar arewa ta UTM nisa ce da a ke aunowa tun daga ƙugun duniya, nisan kuwa a kan siffar Clarke ya fi gajarta.

Tun da mun ambaci lambar mita, bari mu ce wani abu a kanta. Taswira takarda ce shimfiɗaɗɗiya, duniya kuwa mai lanƙwasa ce, don haka a kan yanka ta tsiri-tsiri kamar ɓawon lemo, a shimfiɗa kowane tsiri shi kaɗai. A tsarin UTM mu muna tsiri na 32, daga digiri 6 zuwa 12 gabas. Layin tsakiyarsa digiri 9 ne, an ba shi lamba 500,000, kuma yana wucewa dab da garin Babura. Nijeriya tana da nata tsarin na dā mai ɗamara uku, ta Yamma, ta Tsakiya da ta Gabas. Mu muna cikin ta Tsakiya, mai layi a digiri 8 da rabi, wanda aka ba lamba 670,553.98, lambar arewa kuma daga digiri 4 a ke fara ƙirga ta. Wannan yana taimakon mai duba takarda. In ya ga fili a Kazaure da gabas wajen 436,000, arewa wajen 1,399,000, UTM ce. In ya ga gabas wajen 661,000, arewa wajen 956,000, Ɗamarar Tsakiya ce. Abin da ido ba ya iya rarrabewa shi ne UTM ta Minna da UTM ta WGS 84. Lambobinsu kamar tagwaye su ke, nan ne kuwa a ke yin hasara.

To, yaya a ke juyawa? Ba aikin fensir ba ne, aikin kwamfuta ne, amma ya kamata wanda ya ba ta umarni ya san abin da ta ke yi. Da farko tana mayar da lambar mita zuwa digiri a kan siffar Clarke. Sa'an nan ta mayar da digirin zuwa nisa uku daga cibiya, waɗanda a ke kira X, Y da Z. A nan ne a ke yin ainihin ƙaurar: a rage mita 92 daga X, a rage 93 daga Y, a ƙara 122 a kan Z. Daga nan ta komo digiri a kan WGS 84. Waɗannan lambobi uku hukumar taswira ta sojojin Amurka ce ta fitar da su domin Nijeriya, daga turaku shida kaɗai, ta kuma faɗa da kanta cewa akwai saura kuskuren mita 3 zuwa 6 a kowace fuska. Ya isa a nemo tsohuwar rijiya da shi. Bai isa a raba gardamar kunya biyar tsakanin maƙwabta ba.

Ga samarinmu da suka koyi rubuta umarnin kwamfuta, ba sai kun rubuta wannan lissafi da kanku ba. Akwai manhajar PROJ, kyauta ce, ita ce ke aiki a cikin QGIS, masu amfani da Python kuma suna samunta ta pyproj. Kowane tsari yana da lambarsa a kundin EPSG. Digirin Minna 4263 ne, digirin WGS 84 kuwa 4326. Ku lura da kyau, lambobi uku na ciki iri ɗaya ne, wurin zamansu ne ya bambanta, hannu yana saurin zamewa. UTM ta Minna a tsirinmu 26332 ce, ta WGS 84 kuwa 32632, Ɗamarar Tsakiya 26392. Ka gaya wa manhaja inda ka fito da inda za ka, ta yi sauran.

Sai dai kada a sakar mata ragama. Tsakanin Minna da WGS 84 ba hanya ɗaya ce a kundin ba. Da yawa kamfanonin mai ne suka auno su domin yankin Neja Dalta da bakin teku, ba domin ƙasar Hausa ba. Waɗansu cikinsu masu lamba bakwai ne, watau ban da ƙaura uku akwai juyi uku da ɗan miƙewa ɗaya. Mutum ya kan ga bakwai ta fi uku ya ɗauka ta fi kyau, ya kwafo ta daga wata takarda ta Fatakwal ya ɗora wa gonar Gwiwa. A ganinmu gara ukun da aka yi domin ƙasa duka da bakwai da aka yi domin wani wuri mai nisan kilomita 800. Har wa yau, masu lamba bakwai suna da hanyar rubutu iri biyu, alamar juyin tana kifewa tsakaninsu, in an ɗauki wannan a maimakon waccan sai kuskure ya shiga shiru. Saboda haka a sa manhaja ta jera hanyoyin da ta sani, a karanta yankin da aka yi wa kowace, a zaɓi ɗaya da hannu, a rubuta ta cikin umarnin. In kuwa aka bayyana mata siffar Clarke kawai ba a ambaci Minna ba, tana iya ba da amsa ba tare da ta yi ƙaurar ba sam.

Akwai kuma kurakurai biyu na ganganci da suka fi duk waɗannan girma. Na ɗaya, wace lamba ce ke gaba. Kundin EPSG ya ce a 4326 arewa ce farko, manhajoji da yawa kuwa gabas su ke sa wa farko, tun daga 2019 kuma PROJ ta koma bin kundin. In an kifa su, Kazaure za ta tashi ta sauka kudu da Yola, wajen iyakar Kamaru. A pyproj a kan kunna always_xy domin gabas ta riƙa zuwa farko kullum. Na biyu, minti 60 ne a digiri, ba 100 ba. Digiri 12 da minti 39 shi ne 12.65. Wanda ya rubuta 12.39 ya kauce kusan kilomita 29 kudu. Waɗannan biyu aƙalla da sauƙin kamawa, gama duk mai hankali zai ga rijiyarsa ta bar ƙauyen.

Yaya za a tabbatar an yi daidai? Waɗansu su kan juya lamba su sāke juyo ta, in ta komo yadda ta ke su ce shi ke nan. Wannan ba shaida ba ce, gama hanya marar kyau ma tana komo da mutum inda ya taso. Shaidar gaskiya a ƙasa ta ke. A nemi abu uku ko huɗu da ke cikin tsohuwar takarda waɗanda har yanzu suna nan, kamar turken siminti na safiyo ko rijiya mai famfo da kowa ya sani, su kasance a warwatse, ba duka a gefe ɗaya ba. A juya lambobinsu, a je a tsaya a kansu. Waya mai kyau a fili, ba ƙarƙashin itace ba, tana kusantar gaskiya da mita biyar ko makamancin haka. In duka sun faɗo cikin mita goma, an kama tushen. In duka sun kauce gefe ɗaya da nisa ɗaya, tushen ne ba a gane ba. In kuwa kowane ya kama gabansa, watakila lambobin da ido aka karanto su daga taswira, ko takardar da ƙafa aka auna ta ba da mita ba, ko kuwa an fara awon daga wani turke na garin kawai, gama an yi haka a dā. Irin wannan ba lissafin da zai gyara shi, sai sabon awo. Mutanen Babura da ke bakin iyaka su kuma sani, taswirar da Faransawa suka yi wa Nijar ba a kan Minna aka kafa ta ba, kada a ɗora mata waɗannan lambobi.

Batun iyakar fili, ko na ikilisiya ko na gādo, muna roƙo kada kowa ya tumɓuke turke ko ya kafa sabo saboda abin da waya ta nuna masa. Wannan aikin safiyo mai lasisi ne, mai na'urar da ke auna har santimita, a gaban mai unguwa da maƙwabta.

Abin da mu ke so kowane kwamitin ruwa ya fara yi daga wannan rani kaɗan ne. A littafin rijiyoyi, kusa da kowace lamba, a rubuta tushenta, da abin da aka auna ta da shi, da ranar awon. In ta digiri ce a rubuta lamba biyar bayan ɗigo, gama ta biyar ɗin daidai ta ke da wajen mita ɗaya. In an juya tsohuwar lamba, kada a goge ta, a rubuta sabuwar a gefenta tare da hanyar da aka bi. Wanda ke da tsohon rahoton rijiya ko takardar fili, ya duba ƙasan takardar ko gefenta, sau da yawa an rubuta Minna ko Clarke 1880 da ƙananan baƙaƙe. In bai gani ba, ya ajiye ta har mu zo zagaye, mu je tare mu tsaya a kan turken.