Zaɓen Kamfanin Hostin Daga Haɗeja: A Duba Ranar Ɓaci Kafin a Duba Araha

A daren 10 ga watan Maris na 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na ginin da ke kusa da shi ma ya kama. Kafin gari ya waye, miliyoyin shafukan intanet sun daina buɗewa. Da yawa sun dawo bayan kwanaki, amma wasu ba su sake dawowa ba, domin kwafin ajiyarsu ma yana cikin harabar da wutar ta ci.

Mutumin Haɗeja ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa don ƙarfafa jinga, ya san cewa ba a tara hatsin gida gaba ɗaya a rumbu guda a bakin kogi. Haka zancen yake a wajen zaɓen kamfanin da zai riƙe wa mutum shafinsa. Farashin shekarar farko shi ne ke fara jan ido, amma abin da ya fi shi muhimmanci shi ne: idan abu ya ɓaci, mai shafi zai iya kwashe kayansa ya koma wani wuri?

Me ya sa ake bukatar shafi na kai?

Yawancin masu sana'a a masarautar Haɗeja, daga dillalan bandar kifi zuwa masu sayar da shinkafa da riɗi, a WhatsApp da Facebook suke tallarsu. Hakan na aiki, amma wurin ba nasu ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Ban da waɗannan, kullum akwai wanda ake rufe wa asusu ba tare da ya san laifinsa ba.

Shi ya sa wasu matasa, musamman ɗaliban Binyaminu Usman Polytechnic da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ke sha'awar gina shafi na kansu, ko na wata makaranta, ko ƙungiya, ko shagon gidansu. A nan ne tambayar hostin ke shigowa.

Abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa

Na farko shi ne domen, wato sunan da ake rubutawa a burauza don a isa shafin. Shi ne adireshi. Na biyu shi ne hostin, wato hayar wuri a kan wata babbar kwamfuta da ba ta mutuwa dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Shi ne shagon. Na uku shi ne manhajar da ke tafiyar da shafin, kamar WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma a yau kusan shafuka huɗu cikin kowane goma a duniya da ita suke aiki.

Hostin kansa iri-iri ne. Akwai na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kan kwamfuta ɗaya kamar gidan haya. Shi ya fi araha, kuma ya ishi sabon shafi, sai dai idan maƙwabci ya ja nauyi da yawa, kowa zai ji a jikinsa. Akwai VPS, inda ake yanka wa mutum nasa kason na kwamfutar, amma shi zai girka komai, shi zai kula da tsaro, don haka sai wanda ya san Linux. Akwai kuma na kyauta irin GitHub Pages da Cloudflare Pages, waɗanda suka dace da shafin da bayani ne kawai a cikinsa, kamar sunan shago da hotunan kaya da lambar waya. WordPress ba ya zama a kansu kai tsaye.

Wani zai ce, me zai hana ya mayar da tsohuwar kwamfutarsa uwar garke a ɗakinsa? Don koyo, wannan dabara ce mai kyau. Don shafin da jama'a za su dogara da shi, akwai matsala. Wutar KEDCO ba ta tsayawa awa 24, kuma a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu. Zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Sannan layukan waya galibi ba sa ba mutum adireshin IP nasa shi kaɗai, don haka na waje ba zai iya iso kwamfutar cikin sauƙi ba. Ga kuma damina.

Naira ko dala?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kayar da sababbin shiga. Kamfanonin waje irin Namecheap da DigitalOcean da dala suke lissafi. A ce hostin ɗin dala 5 ne a wata, dala 60 ke nan a shekara. A farkon 2023, lokacin da farashin dala a hukumance yake wajen naira 460, kuɗin bai kai naira 28,000 ba. Bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai dala 60 ɗin nan ta koma naira 90,000. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma kuɗin ya ninka sau uku.

Akwai kuma matsalar kati. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Wanda kuɗinsa ke hannu amma katinsa ya ƙi wucewa ranar sabuntawa, shafinsa zai mutu kamar na wanda ba shi da kuɗi.

Kamfanonin gida, irin su QServers da Whogohost, suna karɓar naira ta kati ko taransifa, kuma ana samun su a waya. Amma su ma ba su tsira daga dala ba, domin kayan aiki da lasisin manhajoji irin cPanel da dala ake saye. Ko na gida ne ko na waje, abin da ya kamata a nema shi ne farashin sabuntawa. Kamfanoni da yawa na rubuta farashin rangwame da manyan baƙaƙe, na shekara ta biyu kuma da ƙanana a ƙasa. A haɗa kuɗin shekara uku, a kwatanta, sannan a san wanne ne mai araha.

Ina kwamfutar take zaune?

Kasancewar kamfani na Najeriya ba ya nufin kwamfutarsa tana Najeriya. Wasu a Turai ko Amurka suke haya su sake sayarwa. Ba laifi ba ne, amma ya kamata mai saye ya sani.

Idan mutum a Auyo ko Guri ya buɗe shafin da ke zaune a Landan, saƙonsa zai bi hasumiyar waya, ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya je ya dawo. Tsakanin Legas da Landan kaɗai, zuwa da dawowa na cin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma shafi guda kan bukaci irin wannan zirga-zirgar sau da yawa kafin ya gama buɗewa. Ranar 14 ga Maris 2024 aka ga ɗaya illar, lokacin da wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Intanet ya yi ta jan ƙafa na kwanaki, har bankuna suka shiga matsala.

Shafin da ke zaune a wata cibiya a Legas, wadda ke haɗe da IXPN, wato mahaɗar da kamfanonin intanet na ƙasar ke musayar bayanai, ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya iso Haɗeja. IXPN na da reshe a Kano. Gwamnati ma ta daɗe tana tura mutane wannan hanyar: tun 2013 ƙa'idojin hukumar NITDA suka ce bayanan gwamnati a cikin ƙasa za a ajiye su. Ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa ya shugabanci hukumar a watan Agustan 2019.

Saboda haka a fara da tambayar su waye masu ziyara. Idan mutanen Jigawa da Kano da Yobe ne, kwamfutar da ke gida ta fi kusa da su. Idan mai fitar da riɗi ne da ke neman masu saye a ƙetare, ta waje ba za ta cutar da shi ba. A kowane hali ana iya ɗora Cloudflare a gaba kyauta, domin yana da cibiya a Legas da ke riƙe kwafin hotuna da sauran fayiloli kusa da jama'a.

Sai dai nauyin shafi ya fi nisa yin illa. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabait 3 zuwa 5. Goma irinsa a shafi ɗaya sun isa su sa mutumin da ke Kirikasamma da sanda biyu na sabis ya haƙura ya fita, balle tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025. A matse kowane hoto kafin a ɗora shi.

Kwafin ajiya: kada a bar shi a bakin kogi ɗaya

Kusan kowane kamfani zai ce yana yin kwafin ajiya. Tambayoyin su ne: kullum ne ko mako-mako? Kwana nawa yake riƙe shi? A ina yake ajiyewa? Dawo da shi kyauta ne ko sai an biya? Masu harkar suna da tsohuwar ƙa'ida: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ƙaramin shafi, wannan na nufin kwafi a wajen kamfani, kwafi a Google Drive ko makamancinsa, da kwafi a filashi ko kwamfutar mai shafi. Manhajar UpdraftPlus na iya tura kwafin WordPress zuwa Google Drive da kanta. Kuma a gwada dawo da shi ko sau ɗaya, domin sai ranar bukata ake gane kwafin da ya lalace.

Haka ma alƙawarin cewa shafi zai kasance a raye kashi 99.9 cikin ɗari. A lissafi, wannan na nufin zai iya mutuwa kusan awa tara a shekara. Kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi. Akwai UptimeRobot da ke sa ido kyauta, ya turo saƙo duk lokacin da shafin ya faɗi.

Sunan wa ke kan domen?

A nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo. Shago ko makaranta kan ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi ya buɗe masu shafi, shi kuma ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa, ko ya canza layi, ko aka sami saɓani. Ranar sabuntawa ta zo ta wuce, sunan ya faɗi, wani ya saye. Duk katin da aka buga da allon da aka kafa sun tashi a banza.

Dole domen ya kasance da sunan mai shafi, da imel ɗinsa, da lambarsa. Hukumar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Da naira ake biyan su, saɓanin .com da asalin farashinsa dala ne. Ana ma iya sayen domen a wani kamfani, hostin a wani, ta yadda rigima da ɗaya ba za ta riƙe ɗayan ba. Kafin a biya, a tambaya ko kamfanin na bayar da lambar sirrin da ake mayar da domen wani wuri da ita, ba tare da ja-in-ja ba.

Gwajin da ya kamata a yi kafin a biya

A tura wa sashen taimakon kamfanin tambaya da daddare ko ranar Lahadi, a ga awa nawa za su ɗauka, kuma mutum ne ya amsa ko na'ura. A tabbatar suna bayar da SSL kyauta, wato makullin da ke sa adireshi ya fara da https, domin Let's Encrypt na raba shi ba ko kwabo. A karanta sharaɗin da ke bayan alƙawarin wuri marar iyaka, don galibi akwai iyakar yawan fayiloli da ƙarfin da shafi zai ja. Tun da da waya mafi yawan matasa ke aiki, a duba ko ana iya shiga wajen sarrafa hostin ɗin daga waya ba tare da wahala ba. Mai rubutu da Hausa kuma ya gwada ƙ da ɗ da ɓ, ya tabbatar ma'ajin bayanan na kan tsarin utf8mb4, don kada su koma alamar tambaya.

Bayan haka, a fara da biyan wata ɗaya ko uku, ko da na shekara ya fi rangwame. A cikin wannan lokacin a buɗe shafin da layin MTN da Airtel da Glo, a cikin gari da ƙauye, a sauke cikakken kwafi a gwada shi. Idan komai ya tafi daidai, sai a biya na shekara, a rubuta ranar sabuntawa a waya da tunatarwar wata guda kafin ta zo. Wanda ya buɗe shafinsa da rani ya fi samun sauƙi, domin sabuntawa ba za ta faɗo a Agusta ko Satumba ba, lokacin da hankalin kowa a Haɗeja ke kan kogi.